Ɗalibin da Ya Ƙi Tafiya Hutu

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ba da dogon hutu na tarar da ɗalibi zaune a kan akwatinsa, ba shi da niyyar zuwa ko'ina ba.

A lokacin ni ne malamin ba da shawara a wata makarantar kwana ta maza a Birnin Kudu. Ga ku sababbin malamai, tsarin ranar hutu shi ne a fara rufe kicin, sannan malamin da ke kula da ɗakunan kwana ya kulle ko'ina, ya miƙa wa mataimakin shugaban makaranta makullai. Daga nan doka ba ta yarda ɗalibi ya kwana ba.

Bayan Azahar kowa ya watse sai Nasiru, ɗan aji biyar, mutumin Dingaya ta ƙasar Gwaram. Na tambaye shi ko mota ce ta tafi ta bar shi.

"A'a Malam. Ko shara ce a ba ni in riƙa yi har a dawo."

Abin ya ɗaure min kai. Na saba da masu tsallake katanga don su gudu gida, amma mai roƙon a bar shi a makaranta, shi ne na farko. Na san dai malamai na ƙorafin yana gyangyaɗi a aji, kuma makinsa ya yi ƙasa. Sai na sayo mana gasasshiyar masara, na zauna kusa da shi, ban ƙara tambayarsa komai ba. Sai da muka kusa cinyewa ya ɗago.

"Malam, idan ka ce wa mutum ya zo ku je wani wuri, ya mutu a can, wa ya kashe shi?"

Ashe a hutun daminar bara shi da amininsa Sani suka je wanka rafi, ruwa ya ci Sani a kan idonsa. Nasiru ne ya je har gida ya kira shi. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace masa, kuma gidan su Sani yana kan hanyar gidansu.

Na sami mataimakin shugaba. Ya ce, "Malam, kira mahaifinsa kawai, mu aikinmu a bakin get ya ƙare." Na roƙi izinin raka yaron da kaina. Ya amince, da sharaɗin in fara sanar da uban ta waya. Kafin in kira, na tambayi Nasiru abin da ya yarda in faɗa, domin a aikinmu ba a ɗaukar sirrin ɗalibi a kai gida ba da saninsa ba, sai in ransa na cikin haɗari. Ya ce in faɗi komai, shi ba zai iya ba.

Muka shiga bas zuwa Gwaram, muka hau acaɓa zuwa Dingaya. Mahaifinsa, Malam Habu, mai makarantar Islamiyya ne. Ya saurare ni a zaure har na gama, sannan ya ce:

"Mun yi masa addu'a, mun ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Ban san kansa yake tuhuma ba. Ashe shi ya sa in na aike shi yake zagayawa ta bayan gari."

Ya juya wajen ɗansa. "Za ka iya zuwa gidan su Sani idan ina tare da kai?" Nasiru ya gyaɗa kai.

Bayan La'asar muka yi sallama gidan su Sani. Mahaifiyarsa, Inna Lantana, tana tsince wake. Da ta ga Nasiru sai ta ajiye faifan.

"Nasiru, kai ne ka guje ni? Na rasa ɗaya, ka sa na rasa na biyu."

Ya durƙusa yana kuka. "Inna, ni na kira shi."

"Kai ka kira shi? Sanin da tun yana ƙarami da tsumagiya nake koro shi daga rafin nan? Ni ba wannan nake jira ba. Kai kaɗai ka ji maganarsa ta ƙarshe. Me kuka yi ta hira a hanya?"

Ya share hawaye ya ce Sani dariya yake ta yi, yana cewa in sun dawo sai Nasiru ya taya shi gyaran dangar Inna, in ba haka ba ba zai sha fura ba. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"To dangar tana nan yadda ya bar ta."

A wannan hutun Nasiru ya gyara ta. Ba zan ce muku ya warke nan take ba. Barcin bai daidaita ba sai da na ba Malam Habu shawara ya kai shi asibiti ya ga likita. Duk ranar kasuwar Gwaram, inda waya ke shiga sosai, uban kan kira ni ya miƙa masa mu gaisa. Ya kuma ba shi ajin ƙananan yara yana biya musu karatu, don kada ya wuni shi kaɗai a ɗaki.

Abin da na koya shi ne, iyaye ba ƙin taimakon 'ya'yansu suke yi ba, sau da yawa ba su san inda ciwon yake ba ne, yaran kuma sun kasa buɗe baki. Tun daga nan, duk makon ƙarshe na zango nakan shiga aji-aji in yi tambaya guda: idan ranka ya ɓaci a gida, wa za ka gaya wa? Wanda ya amsa da sauri nakan bar shi ya tafi. Wanda ya sunkuyar da kai, shi nake nema kafin a rufe kicin.