Mairam, Mai Tambayar Asalin Masu Tari

Kullum da hantsi za ka tarar da Malama Mairam a ƙaramin asibitin da ke gefen Guri, ta kara abin awo a ƙirjin wani yaro. In tari ne, kafin ta miƙa magani sai ta tsare uwa da tambaya: ɗan wane gida ne, wa ya taɓa rasuwa da irin wannan a danginku? Mata har tsokanarta suke yi, wai ko aure za ta ƙulla.

Ba wasa take yi ba, tsoro ne. Ta sha ganin mura ta zagaye gari, kowa ya yi atishawa ya warke, amma ta shiga wani gida ta toshe numfashi ta ɗauke mutum. Wani likita a Haɗeja ya taɓa gaya mata cewa akwai masu gadon raunin garkuwar jiki, musamman inda auren zumunci ya yawaita, kuma nan ba mu da na'urar gano su. Tun ranar ta riƙe gidajen nan a ka.

Bara, da ruwa ya cinye hanya, wata Bafulatana, Ramatu, ta kawo yarinya mai zazzaɓi da ɗan tari. Ko kallonta ba ta yi, ta ce wai 'yar gidansu ce aka ba ta ta kawo. Nan Mairam ta gane 'yarta ce ta fari, kuma ko za a yanka Ramatu ba za ta faɗi sunanta ba, balle na miji. Sai ta shiga jero sunayen magidantan rugagen yankin, idonta a fuskar matar. Da ta ce Hamman, Ramatu ta sunkuyar da kai.

Mairam ta san gidan. Hamman ɗan baffan Ramatu ne, kuma mura ta kashe ƙannensa biyu a damina ɗaya. Da irin wannan ɗan tarin suka fara.

"Ba za ku koma ruga ba," in ji ta. "Haɗeja za mu yanzu."

"Mura ce fa, Malama."

"Na sani. Ita nake tsoro."

Suna cikin kwalekwale numfashin ya fara sarƙewa. Fannami matuƙi ya ce har yau bai manta ba: haƙarƙarin yarinya na lotsawa, leɓenta ya yi duhu, ga Ramatu ta yar da kunya ta ƙanƙame 'yarta tana kiran Suwaiba, Suwaiba. Da kyar suka kai. Aka sa mata iskar numfashi, Allah ya yi da sauran kwana.

Ke ce, Mairam, kika ji tsoro tun sauranmu na cewa mura ce. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Watan gobe za ki ajiye aiki, ni kuwa wallahi hankalina bai kwanta ba.

Ku da za ku gaje ta, don Allah ku zauna gabanta ku koyi gidajen nan kafin ta tafi. Ramatu na goye da sabon jariri yanzu, shi ma ɗan Hamman ne, ga hadari ya fara haɗowa.