Makwanci Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe shida na safe na ƙirga makwancinsu. Goma sha ɗaya cif. Aikina ke nan shekara bakwai a kurmin Afirka ta Tsakiya, bin sawun gwaggon biri. Da yamma kowanne yakan tanƙwara ganye ya yi wa kansa shimfiɗa. Da safe mu ƙirga, mu san ba wanda ya ɓata. Babbansu mai furfura a gadon baya, Dattijo muke ce masa. Shi ke raba faɗa, in ya tashi kowa ya tashi.

Turawan bincike ne suka ɗauke mu aiki don mu sa biran su saba da mutum. Doka ɗaya ce. In Dattijo ya taso maka, kada ka gudu. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi gyaran murya. Hausawan garinmu kuwa makiyayin birai suke ce mini. Don kunya ban taɓa ba matata Rabi labarin daji ba. Ko wannan dokar ban gaya mata ba.

Ƙarfe tara na koma gida karin kumallo. Rabi na tankaɗen garin rogo. Tara da rabi aka yi harbin farko wajen masallaci. Tau! Shiru. Sai kuma kamar ruwan sama a kan kwano. Babura, adduna, ihu.

"Ku fito!"

Maharan sun san ƙofofinmu, mu Musulmi, ɗaya bayan ɗaya. Muka tsallake danga ta baya, ita ko takalmi babu. Hanya ɗaya na sani, wadda na baro da safe. Na ce ba mai bin mu can.

Sha ɗaya muka isa bakin fadama. Ƙarar bindiga ta riga ta tayar wa biran hankali. Dattijo ya san ni, ita bai san ta ba. Ga ta tana haki, ta zuba masa ido. Ya miƙe. Ya bugi ƙirji, kwab-kwab-kwab. Ya taso.

Gwiwata ta kai ƙasa ban sani ba. Hannuna ya saki nata.

"Rabi, durƙusa!"

Ta gudu. Wa zai ga wannan bai gudu ba? Ta faɗa fili tana salati. Ashe mutum uku na hayin fadamar da bindigogi. Harbi biyu.

Birin da bai san mutum ba, da tuni ya ɓace. Namu suka tsaya kallo. Mu muka koya musu. Dattijo ya shiga tsakanin iyalinsa da bindigogin, ya kafe. Ni kuwa ina cikin ganye a durƙushe, kai a ƙasa, yadda aka hore ni. Biri ya fi ni, wallahi. Na daina ƙirga harbin.

Da la'asar mutanen suka tafi da naman biran da suka iya ɗauka. Na haƙa rami da guntun itace. Zanenta ne likkafaninta. Ni ne liman, ba mamu.

Kwana tara na yi ina cin ɓargon tsiron da na ga biran na ci, kafin na ga kogi. Daga nan Chadi, Sudan, teku. Yau ina tashar Kudai a Makka, ina loda jakunkunan alhazai, ba takardar zama. Direbobi su yi ta azalzalata da Larabci, "Yalla, ya Hajj!" In aka daka mini tsawa, har yanzu gwiwata takan nemi ƙasa.

Amma kafin in bar kurmin, washegari ƙarfe shida, ƙafata ta kai ni. Ba wanda ya aike ni. Na sami makwancin biran nesa da juna, ganyen ko tanƙwaruwa bai yi sosai ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Bakwai.

Huɗu ke nan. Da Rabi, biyar.