Bakin Tafki da Baƙin Tafki

Shekarun baya, lokacin da kaset ɗin bidiyo ke tashe, ina da shagon hayar finafinai a Kazaure, kusa da tasha. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya, amma Allah ya yi ni da ƙin hargitsi. Ko takalmi na gani a karkace a ƙofar masallaci sai na gyara shi. Don haka na sayi babban littafi na mai da shi rajista, kuma babu kaset ɗin da ke hawa kanta sai ya bi ta cikinsa.

Da farko nakan duba sunan da ke kan kwali. Sannan in duba takardar da aka manna a jikin kaset. Na uku, in saka shi a bidiyo in ga abin da aka rubuta a farkon fim. In na yi shakka, sai in zauna in kalle shi har ƙarshe. Dole ce ta sa, domin masu gurza kaset ba ruwansu, fim ɗaya sai ya zo maka da suna uku.

Ina da aboki mai irin shagona a Babura, tare muke zuwa Kano saro kaya. Akawu yake kirana, kuma ba don yabo ba.

Wata rana muka dawo da kaset biyu, kwalinsu daban, amma kowanne an buga masa BAKIN TAFKI da manyan haruffa. Abokina ya ce fim ɗaya ne aka sake wa riga. Ban yarda ba, na kalli duka biyun. Na farko labarin saurayi da budurwa ne da ke haɗuwa a bakin tafki, waƙa kan waƙa. Na biyu kuwa makiyaya ne suka sauka da shanu kusa da tafkin wani ƙauye, rigima ta tashi da manoma. Can tsakiya mai gari ya ce, "Ku ƙyale su, baƙin tafki ne, in ya ƙafe za su tashi." Nan na gane. Baƙi ake nufi, jam'in baƙo. Injin masu buga kwalin ne ba shi da k mai lanƙwasa, har a cikin fim ɗin ma haka aka rubuta. Na ba kowanne layinsa a rajista, na lanƙwasa wa na biyu harafinsa da hannuna.

"Akawu, awa huɗu ka ƙona man janareta saboda wutsiyar harafi?" in ji abokina. "Wallahi da gwamnati ta san da kai, da ta huta."

Na ce masa shagona ne, rajistata ce. Na san na faye tsauri, har matata takan ce ko miya zan sha sai na tambayi lambarta.

Da faifai ya shigo, kaset ya mutu. Masu shaguna suka yi ta zubarwa. Ni kuwa na ajiye ɗaya daga kowane suna da ke rajista, na jera su a akwatunan ƙarfe bisa lamba. Da na rubuta finafinan tafkin nan biyu a matsayin fim ɗaya, da na makiyayan zan yar, don ba a taɓa hayarsa sosai ba. Abokina ma shi ya yar.

An daɗe, har faifan ma ya wuce, mun koma tura finafinai a waya. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga abokina ya sauka daga mota, tare da wani dattijo makiyayi daga wajen Gwiwa da wata matashiyar mace da goyo. Bayan mun gaisa na ba su tabarma, abokina ya ce, "Akawu, na kawo maka wanda ya fi ƙarfina."

Dattijon ya yi bayani. Matar 'yar yayansa ce. Tun tana jaririya wasu masu fim suka zo wani tafki a ƙasar Roni suka nemi aron garke, yayansa ne ya kora musu shanun a gaban kyamara. Damina ta gaba ya rasu. Bai taɓa ɗaukar hoto ba, don haka yarinyar ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba. Yanzu ta haihu, an sa wa yaron sunansa, ta ce ita dai tana so ta gan shi.

"Wuri uku na je, Malam," in ji shi. "Duk inda na ce Bakin Tafki sai su ba ni. Na ƙarshe har na tara dangi a gidan mai talabijin, da surukai da kowa. Sai ga yaro da yarinya suna rawa. Kasa ce kawai ba ta tsage na shige ba."

Kasa ya ce, ba ƙasa ba. Dama tun farkon maganarsa na ji ya ce shi ne karami a gidansu. Harshensa ya fi sabawa da Fulatanci, wannan harafi ba ya fita a bakinsa. Wato abin da injin ya ci a kwali, shi ma harshensa ya ci.

Na ce, "Baba, zan tambaye ka, ka yi haƙuri. Tafkin ne ke da baki, ko mutane ne suka zo baƙunta?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ai mu ne bakin, Malam."

Na buɗe rajista, na sami lamba, na je akwati na huɗu. Kaset ɗin na nan, sai dai fumfuna ta kama zaren. Na kwance shi, na bi shi da auduga a hankali, na goge kan tsohon bidiyona, abokina ya tayar da janareta. Fuskata a ɗaure take kamar kullum, amma a raina addu'a nake yi. In zaren ya tsinke, ban san inda zan tura su ba.

Da farko yayyafi kawai ake gani a talabijin. Sannan hoto ya tsaya. Na tura gaba har inda garke ke gangarowa tafki. Dattijon ya matso, ya fara kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, shanun da suka daɗe da barin duniya. Wani dogon mutum ya fito a bayansu, sanda a kafaɗa.

"Baffa, wanne ne?" in ji matar.

"Wannan da zai juyo."

Ya juyo ɗin. Ya daka wa wata saniya tsawa, sannan ya yi dariya, wataƙila da mai kyamara yake. Duka bai cika minti ɗaya ba.

Ta ce, "Malam, don Allah a mayar." Na mayar. Sau bakwai na mayar, ban ƙosa ba, ni da ake cewa ba ni da haƙuri. A na ƙarshe ta kwance goyonta ta juya fuskar yaron wajen talabijin, ta ce a hankali, "Ashe yana da wushirya."

"Irin taki," in ji dattijon, ya ja rawaninsa ya rufe ido.

Abokina, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya fita waje wai zai duba janareta. Kafin su tafi muka juye mata wurin a waya.

Ban yi aikin ofis ba, ban samu takardar da za a rataya a bango ba. Amma in ana maganar abin da mutum ya yi a duniya, nakan tuna wannan ranar, kuma ba na jin kunyar cewa ina alfahari da ita. Suna ba abin wasa ba ne, ko na fim ne. Ba ka san wa zai zo nemansa ba, kuma ba ka san abin da ya ɓace masa a ciki ba.

Bara dattijon ya biyo ta shagona ya gaishe ni. Ya ce 'yar yayan nasa 'ya'yanta uku yanzu, kuma ko ƙaramin cikinsu ka tambaya yaya kakansa yake, sai ya ɗauki kara ya ɗora a kafaɗa, ya yi taku biyu, ya juyo yana dariya.