Tikitin Mai Fito

In ka shiga Mansura, unguwar nan ta Doha mai cunkoson gidajen haya da ƙananan kantuna, ka tambayi Baballe direba, ba za ka sha wahalar nema ba. Dogo ne siriri, mutumin Yawuri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ake bi bashin murya. Ya daɗe yana tuƙi a ƙasar nan. Da motar kai ma'aikata wurin gini ya fara, daga baya kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya mayar da shi kan farar bas ta 'yan yawon buɗe ido. Hali ɗaya kowa ya san shi da shi: in ya ƙulla abu a ransa, to ka riƙe shawararka, don kunnen ƙashi gare shi na bugawa a jarida.

Da sanyi ya shigo, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa kan fara tsayawa a tashar Doha, kowanne ya fi dogon bene tsawo. Aikin Baballe a wannan lokaci shi ne kwaso fasinjoji daga filin jirgin sama ya kai su bakin ruwa. Direba kuwa ba kurma ba ne. Daga hirar da ake yi a bayansa ya gane cewa masu zuwa hawa jirgin ruwan nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda kamfanin jirgin ruwa ya haɗa musu komai har da tikitin jirgin sama. Su in jirginsu ya makara, kamfanin ne zai san yadda zai yi da su, amma kamfanin ne ke zaɓar musu rana da hanya, kuma sauya ranar sai an yi ta kai da kawowa. Akwai kuma waɗanda suka yanki tikitinsu da kansu a wurin kamfanin jirgin sama. Su ne masu iko da ranarsu, amma in suka makara, jirgin ruwa ba ya waiwaye. Baballe ya taɓa kai wasu mata da miji bakin tasha an riga an janye tsani, ya ga yadda suka zauna a kan akwatunansu, jirgin ya tafi ya bar su.

To, me ya haɗa direba da wannan lissafi na masu hali? Mahaifinsa ne. Malam Ɗalhatu mai fito ne, ya tsufa yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa da babura a kogin Yawuri cikin jirgin katako. Da kuɗin fito ya ciyar da su, da shi ya yi wa Baballe lasin tuƙi. Ranar da Baballe ya fara aika masa hoton ɗaya daga cikin jiragen nan a waya, tsohon ya ce ƙarya ne, gini ne aka yi a bakin ruwa, ba yadda za a yi wannan abu ya yi iyo. Aka yi dariya aka wuce. Bayan shekara biyu likita a Birnin Kebbi ya ce hawan jinin ido ya kama Malam, ganinsa zai riƙa raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun daga ranar Baballe ya daina dariyar. Ya sa a ransa cewa sai mahaifinsa ya ga jirgin nan da idonsa, ya kuma taka shi da ƙafarsa, kafin duhun ya gama rufewa.

Ya daina shan shayin kanti. Ya karɓi aikin ranar hutu. Ya bi takardun biza ofis-ofis har masu gadin ƙofa suka san fuskarsa. Da komai ya kankama, ya kama musu ɗaki mai gado biyu a wani jirgi da zai zaga gaɓar tekun ya dawo Doha, mai tashi ranar Lahadi da yamma. Saura tikitin da zai kawo tsohon daga Abuja, kuma a nan gardama ta tashi.

Zulkiflu, abokin ɗakinsa mai aikin gadi a wani babban kanti a Aziziya, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya ce kowane mai hankali kamfanin jirgin ruwa yake bar wa wannan aiki. Su ɗauko tsoho, su tarbe shi, in an samu matsala wuyansu ne. Ya ce araha ba ta ado, kuma wanda ya tara gumin shekaru bai kamata ya yi caca da shi ba. Maganarsa gaskiya ce, har Baballe ya yarda gaskiya ce. Amma ya ce kamfanin ya san teku, bai san mutanen Yawuri ba. A garinsu ranar tafiya ba ta zama a inda aka ajiye ta. Yau rasuwa, gobe suna, jibi wani ya zo daga ƙauye ba a iya barinsa. Tikitin da ba zai iya taɓawa da hannunsa ba, ba shi da amfani a wurinsa. Sai ya je ofishin kamfanin jirgin sama da ƙafarsa, ya yanki wanda ake iya sauya wa rana, ya sa Juma'a, don tsoho ya iso da wuri ya huta.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi, yana nuna wa Zulkiflu takardar.

"Khalas, shi ke nan, kai ka sani," in ji Zulkiflu, ya juya ya ci gaba da goge takalminsa.

Baballe ya san mutanensa, wannan ba shakka. Abin da bai lissafa ba shi ne iyakar zurfin cikin mahaifinsa. Malam Ɗalhatu na cikin mutanen da ba sa faɗin tafiya sai ana gobe, wani lokaci ma sai sun isa, saboda tsoron baki. Ya ja kunnen matarsa, ya ja kunnen Rahma, ƙanwar Baballe mai koyarwa a makarantar firamare, cewa kada wanda ya ji. Ana nan sai dangi suka taru a ƙofar gidansa don sa ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa marigayi, wadda shi ne waliyyinta. Aka tambaye shi ranar da ta dace da shi. Maimakon ya buɗe baki ya ce yana da tafiya, sai bawan Allah ya gyara zama ya ce shi ai kullum yana gida, duk ranar da suka sa ta yi. Suka sa Juma'ar tafiyar, bayan an sauko daga masallaci. Ya sa albarka, aka watse.

Rahma ce ta tsegunta wa Baballe, saura 'yan kwanaki. Ya ajiye bas a gefen titi ya kira mahaifinsa, ransa a ɓace, amma muryarsa a ƙasa kamar kullum. Ya roƙe shi ya wakilta wani. Malam ya ce marainiya ce, ba zai bari a ce uban da ya rage mata ya tafi yawon ruwa ranar aurenta ba. Ya roƙe shi ya sa a matso da ranar. Malam ya ce da bakinsa ya amince a gaban mutane, ba zai lashe amansa ba.

"Baba, jirgin nan ba ya jiran kowa."

"Nawa ma ba ya jira in ya cika. In babu rabo, ka haƙura, Baballe. Allah ya ga niyyarka."

Haƙuri kuwa shi ne abin da Baballe bai da shi a wannan magana. Washegari da safe yana bakin ofishin kamfanin jirgin sama kafin a buɗe. Da yake tikitin nasa ne, ba ta hannun kowa ya biyo ba, ma'aikaciyar ta mayar da shi Asabar ba tare da dogon turanci ba. Ya fito da murna rabi da rabi. Ya tsira da tikitin, amma ratar da ya bari don ko-ta-kwana ta tafi gaba ɗaya. Yanzu tsoho zai sauka ne ranar Lahadi da safe, ranar da jirgin ruwa zai tashi, kuma in aka samu tangarɗa ba shi da wanda zai kama. Zulkiflu ya ji labari ya buɗe baki zai ce ai na faɗa maka, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Aka ɗaura aure lafiya. Mijin Rahma ya ɗauko Malam da asubar Asabar, suka wuni a hanya, suka isa Abuja a kan lokaci. Jirgin sama ne bai tashi a kan lokaci ba. Aka ce gyara, aka ce a ƙara haƙuri, aka kwana ana jira. Sai da asubar Lahadi ya ɗaga.

Baballe ya lissafa ya ga jirgin zai sauka wajen la'asar, ƙofar shiga jirgin ruwa kuwa kafin magariba ake rufe ta. Ya tafi tasha tun da azahar ya sami ma'aikacin da ke karɓar fasinjoji, wani Rashad da suka saba gaisawa kullum in ya kawo mutane. Rashad ya duba na'urarsa ya girgiza kai. Ya ce da ta hannunsu aka yanki tikitin, da yanzu suna bin sawun jirgin da kansu. Tunda ba haka ba ne, ba shi da ikon riƙe ƙofa ko na minti ɗaya. Abin da zai iya kawai shi ne ya karɓi jakar Baballe, ya gama duba takardun da za a iya dubawa tun yanzu, yadda in sun iso fasfo kawai za a buga. Baballe ya ce hakan ma ya gode. Ya ari ƙaramar motar wani abokinsa, don bas ba ta kurɗawa, ya koma filin jirgi ya tsaya a bakin ƙofar fitowa, bai zauna ba.

Mutane suka yi ta fitowa. Yana neman dogon tsoho mai saurin tafiya, wanda yara ba sa iya bin sawunsa a gaɓar kogi. Sai ga wani ma'aikaci yana turo keken marasa lafiya, a ciki Malam Ɗalhatu ne da farar riga da hula, ya rungume 'yar jakarsa a ƙirji. Baballe ya ɗaga hannu. Ya matso har gabansa ya tsaya. Idanun tsohon a buɗe suke, suna kallon wani wuri can bayan kafaɗarsa. Sai da ya yi sallama sannan fuskar ta juyo, ta washe.

A nan Baballe ya gane. Ba tafiyar kaɗai mahaifinsa ya ɓoye ba. Tun kafin azumi ganin ya tafi, sai ɗan bambancin haske da duhu, kuma ya hana kowa faɗa wa ɗansa don kada ya fasa abin da ya sa a gaba. Baballe ya yi baƙin ciki irin wanda bai taɓa yi ba, ya kuma ji haushin tsohon, ya ji tausayinsa, duk a lokaci guda. Amma rana tana sunkuyawa, ba lokacin kuka ba ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗaga shi ya sa a mota.

Hanyar nan ya fi saninta fiye da hanyar ɗakinsa. Ya san fitilar da ke daɗewa, ya san layin da ke sauri. Bai yi gudun ganganci ba, don ba zai kawo mahaifinsa daga Yawuri ya kashe shi a titin Doha ba, amma bai bar wa kowa rata ba. A hanya Malam ya yi ta ba shi labarin ɗaurin aure, wa ya zo, wa bai zo ba, kamar ba abin da ke gabansu. Suna isa suka tarar ma'aikata sun fara naɗe igiyoyin layi. Rashad ya hango su ya ɗaga hannu yana cewa yalla, yalla, wato su yi sauri. Aka buga fasfo. Su ne na ƙarshe a kan tsani.

A tsakiyar tsanin Malam ya ja ya tsaya. Ya saki hannun ɗansa, ya lalubi jikin jirgin, ya shafa ƙarfen da tafinsa, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kasa kunne. Baballe ya bar shi, duk da ma'aikacin da ke sama yana ta duban agogo.

Ya kai shi can saman jirgin inda iska ke kaɗawa, ya ɗora masa hannuwa a kan ƙarfen kariya. Mutane sun cika wurin suna ɗaukar hoton dogayen gine-ginen Doha. Baballe ya rasa ta inda zai fara ba da haƙuri, don a ganinsa ya makara, duk gudun da ya yi. Can sai tsohon ya gyara tsayuwa, ya ɗan buɗa ƙafafunsa.

"Mun tashi," in ji shi.

Baballe ya leƙa ƙasa. Da ƙyar ya ga siririn ruwa ya fara shiga tsakanin jirgin da gaɓa.

"Ashe yana iyo," in ji Malam, yana murmushi. "To, na janye maganata. Yanzu kai ne idon. Faɗa mini yadda yake, tun daga goshinsa har wutsiya, kuma kada ka tsallake komai."

Baballe ya share fuskarsa da hannun riga, ya gyara murya, ya fara daga goshin jirgin.