Zaren da Baba Ya Kaɗa

A duk ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, Babana ne kaɗai namijin da ya taɓa riƙe mazari, kuma na sha kunya a kan haka har na gode Allah.

Daga yaƙin Bama ya dawo da abin. A hanyar komowa an ajiye su wata da watanni a Indiya. Can, in ji shi, ya ga maza da gemunsu zaune a bakin titi suna kaɗi, sun rantse ba za su ƙara sa yadin Bature a jikinsu ba. Bai daɗe da dawowa ba sai labari ya zo cewa Turawa sun tattara sun bar musu ƙasarsu. Shi ke nan, Baba ya gama lissafi: zare ne ya kore su. Ya rantse shi ma, da rai ko a mace, yadin kanti ba zai taɓa fatarsa ba.

Ya ari mazarin Inna da allinta, ya zauna a ƙofar gida, inda kowa zai gan shi. 'Yan matan unguwa suka sa ni a gaba da tsiya, wai in tambayo musu ko ya fara yin tuwo. Zarensa kuwa abin tausayi, nan kauri nan siriri, duk ƙulli. Masaƙin garinmu yakan juya shi a hannu ya ce, "Malam, wannan ai igiyar ɗaure akuya ce." Baba ya ce, "Saƙa dai, da irinta aka kori Bature."

Sallar da ƙawayena suka sa atamfa, ni da saƙi na fita, ina kuka. Ranar da namu Turawan suka tafi kuwa, sai ya zaga gari da rigarsa mai kaushi yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba sa shiri.

Da tsufa ya kama shi sai ya fara tanadin likkafaninsa, ƙyalle uku. Ya samu biyu, sannan shekarun fari suka shigo. Gero ma bai yi ba, balle auduga. Kullum yakan buɗe akwati ya duba biyun, ya rufe.

Wata rana da hantsi Baba ya cika. Yayana ya hau keke ya sayo farin alawayyo a kanti don a cika na ukun. Inna ta tare ƙofar ɗaki.

"Ba da wannan ba."

"Inna, ana jiranmu fa. Shi yanzu me ya sani?"

"Ni na sani."

Ta shiga ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da wani farin mayafi da ban taɓa gani a jikinta ba. Ni aka miƙa wa in kai zaure. Ina taɓa shi na ji ƙulle-ƙullen nan a yatsuna. Zarensa na farko ne, wanda duk gari ya yi wa dariya, har da ni. Ashe ita ya sa aka saƙa wa, ta ajiye don nata likkafanin.

Da Inna ta rasu, a alawayyo muka sa ta. Har yau abin yana ci mini rai, don a lokacin babu sauran mai kaɗi a garin, ni kuma na ƙi koya.