Tarihin Gwaggo Kulu Mai Igiyar Shekaru

Haihuwa da aure

An haifi Kulu, wadda Kontagora ta sani da Gwaggo mai reno, a shekarar 1919 a garin Dukku, ɗiyar Malam Mailafiya manomi da matarsa Adda. Ko sau ɗaya ba ta taka aji ba, amma ta gaji wata al'ada a wurin mahaifiyarta: ranar da aka haifi yaro sai a tufka masa igiyar rama, duk kaka a yi mata ƙulli ɗaya. A 1937 aka ɗaura mata aure da Kawu maɗinki, suka zauna a bayan kasuwar Kontagora, Allah ya azurta su da ɗa guda, Haliru, kafin Kawu ya riga mu gidan gaskiya a 1958.

Aikin Bariki

A 1960, shekarar samun 'yancin kai, ta kama aikin reno a gidan wani babban akawu, Malam Ladan. Nan ta ga yadda ake ɗura wa 'ya'yan manya madara da ƙwai, ana yi musu hira da ƙirga tun ba su iya zama ba, alhali in ta koma unguwa sai ta tarar da 'ya'yan mata masu dakau zube a tabarma, ciki a kumbure, babu mai ce musu uffan. Sai ta riƙa tattaro ragowar madarar da ake zubarwa a kwata tana kai musu. A kan haka aka kore ta a ƙarshen 1961, har da kiranta ɓarauniya. Wai sata! Kwata ta sha ba laifi, ɗan talaka ya sha ya zama abin kora.

Zauren reno

Tun daga lokacin ta mayar da zauren marigayi mijinta wurin reno. Kunun gyaɗa da wake da zogale su ne magungunanta, tsakuwa ce allon ƙirgarta, kuma ba ta yarda yaro ya wuni ba a yi masa magana ba. Kowane yaro da igiyarsa rataye a bango.

Rigimar kunne

A wancan zamanin, in za a ɗauki yaro makaranta, sai a sa ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda bai kamo ba, wai bai isa ba. To, wanda yunwa ta tsumburar fa? A Janairun 1962 Gwaggo ta kai Ruka, 'yar maƙwabciyarta Kyauta mai dakau, da ƙulli bakwai a igiyarta, aka koro su. A 1963 ma haka. A 1964 ƙulli ya kai tara, Kyauta ta ce in aka sake koro yarinyar, to sai ta kama turmi. Hannu dai bai kai ba, hedimasta kuwa ya ce igiya ta ɗaure akuya ce. Gwaggo ta amsa masa da cewa, "Malam, yunwa ce ta rage mata hannu, ba ta rage mata shekaru ba."

Kwana goma sha ɗaya tana zaman dirshan a ƙofar makarantar, Ruka a gefenta, igiya a wuya, malamai na wuce ta kamar kututture, har Allah ya kawo mai duba makarantu. Ya dubi haƙoran yarinyar, ya sa ta ƙirga ɗari, ta ƙirga ba gargada. Ranar aka rubuta sunanta, bayan an cinye mata shekara biyu a banza.

Rasuwa

Gwaggo Kulu ta rasu a watan Maris na 1976, wata guda bayan ƙirƙiro Jihar Neja, aka yi mata sutura a maƙabartar gari bayan sallar azahar. Cikin 'ya'yan Malam Ladan uku da ta goya a bayanta, babu wanda ya leƙo ko gaisuwa. Ta bar ɗanta Haliru, da jikoki huɗu, da 'ya'yan reno talatin da ɗaya, daga cikinsu akwai Lukuman direba, da Ɗan'azumi malamin asibiti, da Malama Ruka. A Satumbar shekarar da ta rasu, Malama Ruka ce ta zauna a teburin ɗaukar ɗalibai na makarantar da ta kore ta sau biyu, igiyar nan mai ƙulli tara a gabanta, kuma har aka tashi ba ta ce wa yaro ko ɗaya ya kama kunne ba. Allah ya jiƙan Gwaggo.