Wuƙar Taubashinmu Mai Wuyar Buɗewa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ba na jin zai iya kwashe wata Alhamis da na yi a kasuwar Shinkafi, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Har yau in mutum ya zaro wuƙar aljihu zai yanka goro, sai na tsinci kaina ina kallon yadda zai buɗe ta.

A lokacin ina ɗinki a Ƙauran Namoda, kuma ƙofar shagona ce majalisar masu son wuƙa. Wasu tattabaru ne suka ɗauke musu hankali, mu kuwa Allah ya jarabce mu da 'yar wuƙa mai naɗewa. Bayan la'asar kowa zai fito da tasa ya ajiye a tabarma, a yi ta musu kamar ana rabon gado. Wani ya ce ƙotar ƙaho ce wuƙa, don gumin hannu ƙara mata kyau yake yi. Wani ya ce a bar shi da ta katako, irin wadda ake shigowa da ita ta Maraɗi, mai zoben da ake murzawa ya kulle baki. Akwai wanda ba ruwansa da ƙota, sai ya kai wuƙa kunne ya rufe ta, in ƙarar ba ta yi masa ba ya ce ƙarfen gwangwani ne. Ni ina cikin masu son siririn baki mai tsini, ko da yake ban da zare da rake ban san abin da na taɓa yankawa ba.

Ƙanena, mai bi mini, fataucin wake yake yi. Mutum ne mai kyauta, amma zuciyarsa a kusa take, kafin ka ce masa ya yi haƙuri ya riga ya miƙe tsaye. Shi ya kawo mana sabon yayi, wuƙa mai maɓalli, wadda da ka danna da babban yatsa sai baki ya yi tsalle ya fito. Ranar da ya nuna ta, kowa a majalisa sai da ya danna.

Mutum ɗaya ne bai danna ba, wato ɗan kawunmu na Zurmi, taubashinmu, wanda ya girme mu, kuma yakan biyo ta shagona duk sanda ya shigo Ƙaura. Tasa ƙirar wani maƙerin garinsu ce, ƙotar ƙahon rago da ƙusa ɗaya, ba sifirin ba makulli. Shi da kansa yake sa a dake ƙusar ta yi tsauri, ta yadda sai ka riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka sa farcen ɗayan a wata 'yar tsaga, sannan ka ja a hankali. Tsiya kuwa ba irin wadda ba mu yi masa ba.

Nakan ce masa, "Taubashi, kahin ka buɗe wagga wuƙa ai raken ya tsiro."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ina za ni da nika sauri? Wuƙad da hannu guda ka buɗewa ta hi mai ita gaugawa."

Muna da al'ada, in musu ya ƙi ƙarewa sai a yi musaya ta 'yan kwanaki, kowa ya ɗanɗana ta ɗan'uwansa. Taubashi bai taɓa yarda tasa ta kwana a aljihun wani ba. Amma bayan rasuwar mahaifiyarmu, lokacin da ƙanena ya koma ba ya magana, abu kaɗan ya hau faɗa, sai ga taubashi da kansa ya nemi su yi musaya. Ƙanena ya karɓa, ya ce zai riƙe ta ne kawai don ya samo mata sababbin aibu.

Alhamis ɗin na raka shi Shinkafi, shi zai sayar da wake, ni zan duba yadi. Muna kusa da kara, inda ake sayar da dabbobi, aka ɗan raba mu, garken shanu ya ratsa tsakaninmu. Daga inda nake na ga wani ɗan kabu-kabu ya kutso da kaya a baya, ƙarfen babur ya kama buhun ƙanena ya farke shi, wake ya watse cikin rairayi. Magana ta jawo magana, har mutumin ya zagi uwarsa. Irin zagin nan ne da ake yi a kasuwa kullum ba wanda ya waiwaya, sai dai mu ko sadakar arba'in ba mu yi ba.

Na ga hannun hagun ƙanena ya cafki wuyan rigar mutumin, na dama ya shiga aljihu. Na san abin da ke kwana a aljihun nan. A kwanakin babu hirar da ake yi a rediyo da majalisu kamar ta ƙisasi, wanda ya kashe a kashe shi, ga matar ƙanena da tsohon ciki a gida. Na yi kira, muryata ba ta ƙetare shanun ba. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, don na tabbata rai biyu zan ga sun salwanta ina tsaye.

Ya fito da wuƙar, babban yatsansa ya danna ƙota yadda ya saba, ba abin da ya fito. Ya sake dannawa. Sannan ya tuna wadda ke hannunsa, kuma ba ta buɗuwa sai da hannu biyu. Dole ya saki rigar mutumin, dole ya sunkuyar da kai yana neman tsagar, farce na zamewa. Kafin baki ya fito rabi, mutumin ya ja da baya ya jingina da babur, hularsa ta faɗi. Ashe dattijo ne, furfura fal kansa.

Ƙanena ya dube shi, ya dubi wuƙar. Daidai nan na iso, na ce, "Ba ni ita." Bai ba ni ba. Shi da kansa ya mayar da baki, ya sa ta aljihu, ya tsuguna yana tsince wake cikin rairayi, hawaye na zuba. Na ce wa dattijon, "Baba, uwad da ka zaga ko arba'in ba ta yi ba." Ya yi salati, ya ce, "Ɗana, ka yahe mani, bakina ne ya riga ni." Ya tsuguna shi ma suka yi ta tsinta tare, mutanen da suka taru kallo suka kama musu.

Da taubashi ya sake shigowa Ƙaura na ba shi labari, na tambaye shi ko da gangan ya nemi musayar. Ya ce, "Ni ban san gaibu ba. Idonai dai na gani, kuma na san irinai. Kuna tsammani don ƙawa nika sa a dake ƙusag ga? Ni ma zuciya gare ni." A duk shekarun da na yi ina yi masa tsiya ban taɓa ganin fushinsa ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ba a warware musayar ba har taubashi ya koma ga Allah. Wuƙa mai maɓallin kuwa tun a lokacin taubashi ya kai wa maƙerinsa, aka mayar da bakin basillar ɗinkin buhu, ya aiko wa ƙanena da ita. 'Yar da matar ƙanena ta haifa bayan haka yanzu tana ɗakinta da 'ya'yanta, kuma ubanta ne ya ba da aurenta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kowa ke iya raba kansa da fushi ba, amma kowa na iya sa wa hannunsa abin da zai jinkirta shi tun yana cikin hankalinsa. Ni dai tun daga nan na daina duba tsinin wuƙa. In za a sayar mini, tambayata ɗaya ce, da hannu nawa ake buɗe ta.